Yadda ake tantance samfarera kafin a kai ta injin casa

A bakin injin casar shinkafa, a Kura ne ko a Jega ko a Haɗeja, musun da ake yi kusan iri ɗaya ne. Mai kaya ya kawo buhunan samfarera, wato shinkafar da ke cikin rigarta, an casa, ya duba abin da ya fito ya ga bai kai lissafinsa ba, karyayya ta yi yawa, ga baƙaƙen ƙwayoyi tsilli-tsilli. Sai ya ce inji ne ya ci masa kaya. Mai inji kuma ya ce ai abin da ka zuba shi ya fito. Ba a rasa inji mai matsala, ko yaron inji da bai iya saiti ba, amma mafi yawan lokaci mai inji ne da gaskiya. Asarar ta faru tun ranar da aka yi ciniki, inji kawai fito da ita fili ya yi.

Wannan bayani na mai sayen samfarera ne ya turara, ya casa, ya sayar, ko mace ce mai duro biyu a bayan gida ko mai ƙaramin kamfani da ma'aikata. Mutanen da ke kiran ta shanshera, duk abu ɗaya muke magana a kai.

Abin da ke cikin buhu

Samfarera mai kyau, busasshiya, mai tsabta, in ka auna kilo 100, kimanin kilo 20 buntu ne. Kilo 8 zuwa 10 kuma dusa ce. Abin da ya rage, wajen kilo 70, shi ne shinkafar da za a ci. Wannan shi ne iyakar abin da Allah ya sa a cikinta, ba injin da zai ba ka fiye da haka. Ƙananan injuna masu roba in kaya na da kyau sukan ba da kilo 60 da ɗoriya. Tsoffin injunan ƙarfe, waɗanda ke murje buntu da dusa a lokaci guda, ba su kai haka ba, kuma sun fi kakkarya ƙwaya.

To a cikin abin da ya fito ma akwai lafiyayya, akwai karyayya, kuma kuɗinsu ba ɗaya ba ne a kasuwa. Saboda haka tambaya biyu ce a gabanka duk lokacin da ka tsaya kan buhu: kilo nawa zai fito, kuma nawa ne a ciki zai fito lafiya. Duk gwajin da zan kawo a ƙasa amsar waɗannan biyun yake nema.

Kar ka manta da wadda kake takara da ita. 'Yar gwamnati da ke zuwa daga Tailan da Indiya ba ta fi 'yar Hausa daɗi ba, da yawa ma sun san ta gida ta fi gardi. Abin da ya sa uwargida ke miƙa hannu gare ta shi ne ba sai ta zauna tsinta ba, launinta ɗaya, tsayinta ɗaya, ta nuna lokaci guda. Lokacin da Najeriya ta rufe iyakokinta na ƙasa daga Agustan 2019 zuwa Disambar 2020, mutane da yawa sun koma ta gida ala tilas, kuma ƙorafin da aka fi ji shi ne na tsakuwa. Waɗanda suka gyara kayansu a lokacin su suka riƙe masu saye bayan an buɗe.

Mataki na farko: sikeli

Kada ka sayi samfarera da ido. Buhu suna ne kawai: na wannan kasuwa daban, na waccan daban, wani an ɗinke shi da hula, wani an matse bakinsa. Fanko da ƙaiƙayi suna cika buhu ya yi tsayi ya yi kyan gani, amma ba nauyi. In ba ka da sikeli mai ɗaukar buhu, ka yi haya ko ka haɗa kuɗi da abokan sana'a ku saya. In kuma a ƙauye kake saye da kwano, to ka auna nauyin kwano ɗaya a ƙaramin sikeli. Kwanon samfarera da ya fi sauƙi a kan wanda ka saba da shi yana gaya maka akwai fanko ko ƙwayar ba ta ƙosa ba.

Mataki na biyu: ɗibar samfur

Abin da ke bakin buhu na talla ne. Ka nemi ƙarfen nan mai rami da ake soka wa buhu, ka ɗebo daga sama, da tsakiya, da gindi. In buhunan ba su wuce goma ba, ka soki kowanne. In sun yi yawa, ka zaɓa da kanka nan da can, kada ka bari dillali ya zaɓar maka. Sa'an nan ka ce a zazzage buhu ɗaya ko biyu gaba ɗaya a kan tamfol. Mai algus a tsakiyar buhu yake zuba yashi ko tsohuwar shinkafa, kuma mai kaya na gaskiya ba ya jin haushin zazzagewa. Wanda ya fara cewa ai ba a yi masa haka, ka yi masa sallama cikin mutunci.

Ka haɗa abin da ka ɗebo wuri guda, ka cakuɗa, ka ware kamar kilo ɗaya. Da shi za ka yi sauran aikin.

Mataki na uku: danshi, wanda shi ne uwar matsala

Shinkafa a lokacin yanka tana ɗauke da ruwa kashi 20 zuwa 25 cikin 100 na nauyinta. Wadda ta dace da ajiya da casa kuwa ita ce mai kashi 14. Tsakanin waɗannan biyun akwai kuɗi mai yawa da ke tafiya a iska.

Ga yadda ake lissafin. Ka cire danshin da kayan ke da shi daga 100, ka raba da 86, ka ninka da nauyin buhu. Kilo 100 mai danshi kashi 20, in ta bushe zuwa 14, za ta dawo kilo 93. In danshin kashi 24 ne, za ta dawo wajen kilo 88. Wato a kowane buhu mai kilo 100 ka sayi ruwa kilo 7 zuwa 12 a farashin shinkafa, ka biya kuɗin dakonsa, ka biya kuɗin motarsa, kuma kai za ka biya masu shanya su kore shi.

Ba nauyi kaɗai ba ne. Ɗanyar samfarera in ta kwana biyu a buhu sai ta fara zafi daga ciki. Wannan zafin shi ke mayar da ƙwaya rawaya, daga nan fumfuna ta shiga, sai wari. Rawayar da ta shiga ƙwaya ba ta fita, ko ka wanke ko ka goge. In kuma aka kai ta inji da laima, ƙwayar ba ta da ƙwarin da za ta jure murza, sai ta dame, ta toshe rariyar inji, abin da ya kamata ya zama shinkafa ya tafi cikin dusa.

Hanyar da ta fi ita ce na'urar auna danshi. Ƙarama ce, da batir take aiki, kuma duk mai sayen buhu ɗari a kaka ya kamata ya mallake ta. Ka auna sau uku daga wurare daban-daban ka ɗauki tsakiya. In babu na'ura, akwai dabaru biyu. Na ɗaya, ka ɓare ƙwaya ka ciza: busasshiya za ta karye ƙas, ɗanya kuwa za ta lotse a haƙori. Na biyu, gwajin gishiri. Ka shanya gishiri ya bushe sarai, ka samu kwalba busasshiya, ka zuba samfarera zuwa kashi ɗaya cikin uku na kwalbar, ka ƙara gishiri cokali biyu ko uku, ka rufe, ka girgiza na minti ɗaya. Ka ajiye kamar minti 15 ka sake girgizawa. In gishiri ya manne a jikin kwalba, danshin ya haura kashi 15, kayan ba su isa ajiya ba.

A kula da lokacin shekara. Shinkafar rani, irin ta Kadawa da ke shan ruwan Tiga, ko ta kwarin Haɗeja, ko ta fadamun Kebbi, yankanta yakan zo daidai da ƙarshen bazara da faɗuwar ruwan farko. Manomi na gaggawar kwashe kaya kafin hadari, ga bashin taki da na fetur ɗin ban-ruwa a wuyansa, don haka ɗanyar kaya ta fi yawa a kasuwa a wannan lokacin. Ta damina kuwa matsalarta akasin haka ce, ita ce ta mataki na gaba.

Mataki na huɗu: tsagewar da ido ba ya gani

Mutane da yawa suna ɗauka cewa iyakar bushewa iyakar kyau. Ba haka ba ne. Samfarera da ta bushe ta wuce kima, ta sauka ƙasa da kashi 12, ta zama mai gautsi. Abin da ya fi wannan muni shi ne busasshiyar ƙwaya ta sake shan laima. Shinkafar damina da aka bari a gona ta wuce lokacin yanka, ko aka yanke aka bar ta a kwance kwana da kwanaki, da rana iskar hunturu ta busar da ita ƙayau, da asuba raɓa ta jiƙa ta. Saman ƙwayar ya kumbura, cikinta bai kumbura ba, sai ta tsage a cikin rigarta. Daga waje ba abin da za ka gani. Sai ta shiga inji ta fito gutsi-gutsi.

Gwajin yana buƙatar haƙuri. Ka ƙirga ƙwaya 100, ka ɓare su da farce a hankali, kada ka murza. Ka ɗora su a kan gilashi ko farar leda, ka haska tocila ta ƙasa. Wadda ta tsage za ka ga layi ya ratsa ta a kwance, wata ma layi biyu ko uku. In ka samu ƙwaya biyar ko goma, ba komai. In ka ga sun kai talatin ko arba'in, ka san me ke jiranka.

Sai dai a nan akwai sauƙi ga mai turarawa. Turarawar da aka yi daidai tana narkar da sitacin cikin ƙwaya ya sake haɗewa, sai yawancin tsagewar ta rufe. Shi ya sa shinkafar gumi ta fi fita lafiya daga inji a kan farar da ba a turara ba. Saboda haka samfarera mai tsagewa, in dai ba ta da wani aibin, za ka iya saye a rangwame ka turara. Amma in farar shinkafa kake yi, kada ka kusance ta.

Mataki na biyar: iri ɗaya ne ko gauraye?

Wannan shi ne aibin da aka fi raina wa, kuma shi ya fi yawa a kayan 'yan sari, domin suna saye kwano-kwano daga manoma daban-daban su juye wuri guda. Ka baza samfurinka a kan faifai ka duba tsayi da kauri. Faro 44, wadda ake kira Sipi, doguwa ce siririya, kuma manyan kamfanoni sun fi neman ta. Faro 52 daban, Jamila daban, ga irin gargajiya gajeru masu kauri, ga kuma jar shinkafa da ke fitowa da kanta a gona. Irin Faro daga cibiyar binciken hatsi ta ƙasa da ke Badeggi, kusa da Bida, ake fitar da su, amma da manomi ya yi shekaru yana ajiye iri daga gonarsa ba tare da tsincewa ba, sunan ne kawai ya rage.

Ga dalilin da ya sa gauraye ke cutarwa. Injin roba yana da tazara tsakanin robobinsa biyu, ana saita ta daidai kaurin ƙwaya. In an saita don siririya, mai kauri za ta karye. In an saita don mai kauri, siririya za ta wuce da rigarta, sai an sake mayar da ita, kuma kowane zagaye ƙarin karyayya ne da ƙarin mai. A wajen jiƙo kafin turarawa ma haka, wata ta ƙoshi da ruwa wata ba ta ƙoshi ba, sai launi ya fito kala-kala. A tukunyar uwargida kuma wata ta caɓe wata da saura. Jar shinkafa kuwa sai an tsananta gogewa kafin jan ya fita, kuma wannan gogewar farar ce ke biyan kuɗinta da karyewa.

Mataki na shida: fanko, kore da tsakuwa

Ka auna rabin kilo daga samfurin, ka sheƙe, ka tankaɗe, ka tsince duk abin da ba shinkafa ba, ka sake aunawa. Bambancin shi ne dattin da za ka biya kuɗinsa. Sai ka zuba abin da ya rage a bokitin ruwa ka motsa: fanko da wadda ba ta cika ba za su taso, tsakuwa da yashi su kwanta a gindi.

Ka lura da koren ƙwaya. Alama ce an yi yanka da wuri. Lokacin yanka shi ne sa'ad da kashi 80 zuwa 85 na ƙwayoyin zangarniya suka koma launin kara, kimanin wata ɗaya bayan fitar fure. Wadda aka yanka kafin haka cikinta fari ne kamar alli, ba ta da ƙwari, a inji gari take zama.

Tsakuwa kuwa daga wurin bugu da wurin shanya take shiga: bugu a kan ƙasa ba shimfiɗa, shanya a bakin kwalta. Ban da haƙorin mai ci, tana cinye robar inji, ƙusa ko guntun waya ɗaya kuma ya isa ya yaga rariya, aiki ya tsaya. Injin cire tsakuwa yana taimakawa ƙwarai, kuma mai son shiga kasuwar birni ba makawa sai da shi. Amma ka tuna tsakuwar da ya cire, kai ka saye ta a kan sikeli.

Mataki na bakwai: hanci da tafin hannu

Ka cusa hannu cikin buhu har gwiwar hannu. In ka ji ɗumi, kayan sun fara lalacewa. Ka shinshina: samfarera mai lafiya ƙanshin kara take yi, in ka ji tsami ko warin rumbu, ka bari. Ka murje kaɗan ka duba launin ƙwaya, ka nemi rawaya, da mai ɗigon baƙi wadda ƙwaro ya tsotsa tun a gona. Turarawa na gyara tsagewa, amma ɗigon baƙi ƙara fito da shi take yi. Manyan kamfanoni suna da injin da ke ware ƙwaya ta launi, kai kuwa sai dai ka biya mata masu tsinta. Ka kuma shinshina ko akwai warin fetur, taki ko maganin ƙwari, domin buhun da aka taɓa zuba taki a ciki bai dace da abinci ba.

Mataki na takwas: gwada kaɗan kafin ka sayi da yawa

In cinikin babba ne, ka sayi buhu ɗaya tukuna. Ka turara shi, ka shanya, ka casa yadda ka saba, ka auna abin da ya fito, ka tankaɗe karyayya ka auna ta daban, ka dafa kwano ɗaya a gida a ga aukinta da yadda take warwarewa. Kwana uku ko huɗu zai ɗauke ka. Dillali zai ce maka kafin nan an saye, wataƙila ma gaskiya ya faɗa. Samfarera ba ta ƙarewa a kasuwa, jari ne ke ƙarewa.

Bari mu buga misali da lambobin da muka ƙirƙira don lissafi kawai, kai ka sa farashin kasuwarku. A ce ga buhu biyu, kowanne kilo 100. Na farko naira 40,000, busasshe, dattinsa kilo 2, iri ɗaya. Na biyu naira 36,000, danshinsa kashi 20, dattinsa kilo 6, ga kore a ciki. Na farko, an cire datti saura kilo 98, in ya ba da kashi 65 cikin 100 za ka samu kusan kilo 64, kowane kilo ya tsaya maka wajen naira 628. Na biyu, an cire datti saura kilo 94, ya bushe ya dawo kilo 87 da ɗan kai, in ya ba da kashi 60 za ka samu kilo 52 da rabi, kowane kilo ya tsaya maka wajen naira 686. Ragin naira 4,000 da ka yi murna da shi ya koma tsadar kusan naira 60 a kowane kilo. Kuma ba mu sa kuɗin mota da dako da itace da casa ba, waɗanda da buhu ake biyan su, ba da abin da ya fito ba. Ba mu kuma sa cewa shinkafar buhu na biyu ba za ta sayu a farashin ta farko ba. Araha dai ba ta ado.

Ba ana nufin kada a taɓa sayen ɗanyar kaya ba. In kana da filin shanya da ma'aikata, kuma jiya aka yanka ba ta fara zafi ba, ɗanya ma tana da amfani, domin kai za ka busar da ita yadda kake so. Sharaɗin shi ne farashi ya sauka daidai ruwan da dattin da ka auna, kuma a baza ta a ranar.

Bayan kaya sun shigo hannunka

Kaya mai kyau ma ana iya ɓata shi a gida. Wajen shanya, a baza a kan tamfol ko daɓen siminti, kaurin bai wuce yatsu biyu ba, a riƙa juyawa duk rabin awa. In rana ta take ƙwarai da tsaka, a tattara a rufe ko a ja inuwa, domin bushewar gaggawa ma tana tsaga ƙwaya. A kori awaki da kaji, a kwashe kafin raɓa. Wajen ajiya, buhu ya hau katako, kada ya taɓa ƙasa ko ya jingina da bango, kuma kowane iri da kowane saye a jera shi daban da alamarsa. Kayan da za su daɗe, wata takwas zuwa shekara, a saukar da danshinsu zuwa kashi 13.

Wajen turarawa, ruwa ma kayan aiki ne, kuma ingancinsa yana fita a jikin shinkafa. Ruwan kududdufi da duro mai tsatsa su ke ba 'yar Hausa launin nan mai duhu da ake yi mata gori da shi. A fara wanke samfarera sau biyu ko uku da ruwa mai tsabta, a kwashe duk abin da ya taso. Wannan wankin kaɗai yana raba ka da fanko da yawancin ƙwayoyin da za su zama baƙaƙe. A jiƙa da ruwan zafi wanda bai tafasa ba, kimanin digiri 60 zuwa 70, a rufe a bar shi ya kwana yana hucewa. Jiƙon ruwan sanyi na kwana biyu ko uku shi ke kawo tsamin nan da ba ya fita ko an dafa. Da safe a tsame, a ɗauraye, a tsane.

Sai turarawar kanta, kuma a nan ake yawan kuskure. Tururi ake so ya dafa ta, ba ruwa ba. A sa rariyar ƙarfe a cikin duro ta raba shinkafa da ruwan da ke ƙasa, a rufe sama da buhun algarara mai tsabta. In shinkafa na zaune cikin ruwa, ta ƙasa za ta dahu ta fashe har ta ƙone, ta sama ba ta ji komai ba. Da tururi ya ratsa ko'ina, rigar yawancin ƙwayoyin sama ta fara buɗewa, a sauke. A shanya a rana har ta sha iska sosai amma da sauran laima, sa'an nan a ƙarasa a inuwa. Wanda ya bar ta a rana tun daga farko har ƙarshe ya sake tsaga abin da tururi ya gyara. In ta kai kashi 14, a bar ta ta huta kwana ɗaya ko biyu kafin a kai inji.

Gyara daga gona

Mai sana'ar da ya gaji da cacar kasuwa, sai ya nemi manoma nasa. Ba sai da takarda mai yawa ba. Ka zaɓi mutum biyar ko goma a gari ɗaya, ku yi magana tun kafin shuka a gaban mai unguwa ko shugaban ƙungiyarsu: iri kaza nake so, daga wurin mai sayar da ingantaccen iri, a cire baƙuwar shinkafa a gona kafin yanka, a yanka a kan lokaci, a buge a ranar ko washegari, a kan tamfol. In da hali ka ba su aron tamfol ɗin, kuɗinsa bai kai asarar da tsakuwa ke jawo maka ba.

Abin da zai sa wannan ya ɗore shi ne ka biya mai kaya mai kyau fiye da mai gurɓatacce, a fili, kowa na gani. A ganina babban dalilin da ya sa samfarera mai datti ta cika kasuwanninmu shi ne masu saye suna biyan buhu farashi ɗaya. Manomin da ya sheƙe ya busar, nauyin kayansa ya ragu, aka ba shi daidai da maƙwabcinsa da bai yi komai ba, baɗi ba zai sake wahalar da kansa ba, kuma ba wanda zai ga laifinsa. Ka auna a gabansa, ka nuna masa lambar da na'ura ta nuna, ka ce: “Malam, naka ya bushe, ga ƙarin da ke kai.” Ka kuma biya a kan lokaci, don manomin da ka ja wa rai da kuɗinsa wani zai kai wa na gaba.

In mummunan kaya ya riga ya shigo

Kada ka zuba shi cikin mai kyau don ya ɓace. Ba ya ɓacewa, mai kyaun yake ja ƙasa, kuma mai shagon da ya karɓi buhu ɗaya mai wari daga hannunka zai daɗe bai manta ba. Ka casa shi daban ka sayar da sunansa. Karyayya tana da masu nemanta: masu tuwo, masu waina da sinasir, masu niƙa gari. Dusa mai tsabta wadda ba ta gauraya da buntu ba masu kaji da masu kiwo suna saye, amma a sayar da wuri, don man da ke cikinta yana sa ta yi ɗaci in ta daɗe. Buntu kuma makamashi ne, yana rage kuɗin itace in murhunka ya dace da shi. Wanda fumfuna ta kama kuwa, ba na mutum ba ne, kuma bai kamata a zuba wa kaji ko dabbobi ba.

Sai ka samu littafi. Kowane saye ka rubuta rana, da gari, da wanda ya sayar maka, da iri, da nauyi, da danshi, da farashi. Bayan casa ka ƙara kilo nawa ya fito, nawa lafiyayya, nawa karyayya, nawa dusa. In kaka ta zagayo, ka buɗe littafin kafin ka shiga mota, ka ware garuruwa da mutanen da kayansu suka ba ka kashi 63 zuwa sama, ka fara da su. Waɗanda nasu ya tsaya a hamsin da wani abu, in za ka koma musu, ka tafi da na'urarka da sabon farashi.